Bugu Uku-Uku a Bango

Sai da bandin, zaren ɗaukar sautin, ya ƙare, jelarsa ta fara karkaɗawa tana dukan jikin manyeto, na'urarsa ta ɗaukar sauti, sannan Idrisa ya zare abin kunne daga kansa. A nan ne ya ji kukan. Muryar babbar mace ce daga bayan bangon ɗakinsa, tana salati tana sarƙewa, tana sake ɗaukowa daga farko.

"Malam! Malam, ka tashi mana! La ilaha illallahu!"

Ya jingina gita da gado ya fita ba takalmi. Kunnuwansa na ta ƙugi, don tun ƙarfe biyu yake cusa masu ƙara, ga shi har la'asar ta yi. A ƙofar gidan maƙwabta ya yi tuntuɓe da ƙullin jar dawa, an yar da shi a tsakar gida bakinsa ya kwance, kaji biyu sun samu abin da suke nema. Inna Tabawa na durƙushe a ɗaki. Mijinta Ɗan'azumi na kwance a tabarma, ya ba ƙofa baya, fuskarsa na kallon bango.

Idrisa ya taɓa wuyansa, ya taɓa ƙafarsa. Bai taɓa ganin gawa kusa haka ba, amma bai buƙaci a gaya masa ba.

"Inna, sai haƙuri."

"Barci yake," in ji ta. "Dube shi, ɗana. Yadda na bar shi haka na iske shi."

Wannan maganar ita ta riƙe, ita ta yi ta faɗi har aka kai shi makwancinsa, har aka yi sadakar uku. Ɗan'azumi mutumin Tahoua ne, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, ya shekara ashirin da wani abu yana jigilar albasa da siminti kafin ciwon fuka ya sauke shi daga mota. Ba su da ɗa a raye. A shekarar nan da damina ta ƙi, mutanen ƙauye suka cika bakin unguwar Banifandou ta Niamey da bukkokin kwali, duk Asabar ana rabon hatsin taimako, soja na tsare layi da bulala. A Asabar ɗin da ya rasu, Tabawa ta so ta zauna, don tun safe numfashinsa ke shaƙewa. Shi ya kore ta. Ya ce in ta zauna tana kallonsa, kallon za su ci da dare? Ta tafi da hantsi, ba ta dawo ba sai bayan la'asar.

"Allah ya yi mini gata," take gaya wa masu zuwa gaisuwa. "Cikin barci aka ɗauke shi. Da ya farka ya neme ni bai gan ni ba, wallahi da ni ma ban ƙara kwana ba."

Mata su ce haka ne, mutuwar mutanen kirki ke nan. Idrisa ma, da yake zaune a tabarmar maza a ƙofar gida, ya gaskata, har ya maimaita wa mutum biyu.

Shi Idrisa ma'aikaci ne a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau, mai buga takardu. A zamanin soja ba a wasa da makara, don haka bakwai da rabi ta same shi a kujerarsa, riga a goge, fuska kamar bai san dariya ba. Da za a ce wa shugabansa wannan salihin yana komawa gida ya rataya gita ya yi ta ihu shi kaɗai, da ya ce ƙarya ake masa. Kiɗan rok ya kama shi tun yana ɗalibi a lakkol, kuma bai taɓa samun abokan yi ba. Shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne mai sauraro. Gangarsa tsohon bido ne, wato jarka, da murfin tukunya. Waƙar da yake fama da ita wata uku ke nan, da farko a kan rumbun da ba komai a ciki take, sai ya tuna wanda ke mulki, ya mayar da ita kan wata Balkisa da ba a taɓa haifa ba.

Dukiyarsa ita ce manyeton, mai manyan faifai biyu, wanda wani Bature malamin makarantar lise ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Layi huɗu gare shi, kowane layi na ɗaukar abu ɗaya: ganga a nan, gitar bas a can, gita a na uku. In wuri ya ƙare, sai a juye ukun a kan na huɗu, a goge su, a samu filin ɗora murya. Amma abin da aka juye ya juyu. Kamar fura ce da nono, in an dama ba mai sake raba su. Idrisa ya san wannan sarai, yana ma alfahari da cewa hannunsa ba ya kuskure a wurin juyi. Sandar mikro ce kawai ba shi da ita, sai ya kafa ƙusa a bangon da ya raba shi da maƙwabta, yana rataye mikron a nan, ampili, akwatin ƙara sautin gita, na fuskantarsa.

Bayan sadakar bakwai, Ladi ƙanwar Tabawa, wadda ta zo daga Tahoua taya ta zaman takaba, ta yi sallama a ƙofarsa.

"Yaya ta ce ka ba ta waƙar nan."

"Wace waƙa?"

"Wadda kake yi ranar. Ta ce marigayi na son ta. Wai in ka fara, sai ya ja tabarmarsa jikin bango, ya ce tana tuna mishi da injin kamiyo in ya kama hawa."

Idrisa ya rasa inda zai sa kansa. Wata takwas yana zaune a gidan nan yana jiran ranar da tsohon zai turo a ce ya rage ƙara, ashe mai sauraro gare shi bai sani ba. Daɗi ya kama shi, irin daɗin da mutum ke jin kunyarsa a gidan makoki.

"Ta ce ita ce abu na ƙarshe da kunnensa ya ji," in ji Ladi. "Tana son ta ji ita ma."

"Ki ce mata ranar Lahadi, in Allah ya so. Sai na gyara ta tukuna."

Ranar Lahadi da hantsi ya rufe taga, ya ɗora bandin. Tun ranar rasuwar bai taɓa shi ba. Aikin da ya rage shi ne wanda ya fi so: daidaita layukan, wannan a ɗaga shi, wancan a sauke, murya ta zauna a tsakiya kada gita ta danne ta, sannan a sauke duka a kaset. Ya sa abin kunne, ya ɗora yatsu a kan maɓallai.

Waƙar ta tashi, kuma ta yi kyau, ba ƙarya. Abin da ya fi yi masa daɗi shi ne wani bugu mai nauyi a can ƙasa, dum, dum, dum, ya ɗan yi shiru, ya sake. Ya tuna da shi. Ranar Asabar ɗin, da ya gama ɗaukar gita ya saurara, ya ji wannan bugun a layi na uku, ya ɗauka diddigensa ne yake dukan ƙasa bai sani ba. Bai zauna daidai kan kiɗan ba, yana ɗan ja baya, amma hakan ya ba waƙar wani nauyi da bido bai taɓa ba ta ba. Ya ƙara masa ƙarfi, ya saurara ya fi sau goma yana murmushi, sannan ya juye shi tare da ganga da bas, ya goge na asalin ya ɗora murya.

Yau kuma, da waƙar ta kai ƙarshe, bai tsayar da bandin da wuri ba. Yana neman inda zai sauke ƙarar a hankali, sai ya bar tsirkiyar ƙarshe ta yi ta mutuwa, ya ɗaga maɓalli don ya ji iyakarta. Ƙugin ampili ya cika masa kai. A ƙarƙashin ƙugin akwai wani abu.

Ya mayar baya, ya ɗaga har ƙarshe.

"Idrisa."

Ya fizge abin kunnen ya waiwaya. Ba kowa a ɗakin. Ƙofa a rufe, rana na shigowa ta tsagar taga, can waje wata mai tallan kopto, kwaɗon zogale, na wucewa. Ya daɗe yana kallon abin kunnen a kan gado kafin ya iya mayar da shi.

Muryar ba ta da ƙarfi, iska ta fi sauti yawa a cikinta, amma ba ta ɓuya. Sau uku ta kira sunansa, tsakanin kowane kira akwai wani jan numfashi mai shaƙewa. Bayan na ukun sai dum, guda ɗaya. Daga nan sai ƙarar maɓallin da shi da kansa ya danna ranar, don ya koma farko ya ji ko gitar ta yi.

Ya dubi ƙafarsa. Ranar a kan gado ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, haka yake yi kullum in zai kaɗa zaune. Diddigensa bai taɓa ƙasa ba. Ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke bango, mikron na nan rataye, bakinsa manne da ƙasar ginin.

Tsoro ya kama shi tsakar rana, tsoro na gaske, har ya kasa juya wa bangon baya. Ya matsar da kujerarsa tsakiyar ɗaki. Minti shida waƙar take, kuma bugun na cikinta tun daga farko har ƙarshe. Mutum na mutuwa taku ɗaya daga gare shi, yana dukan bango, shi kuwa yana murɗa maɓalli don dukan ya ƙara daɗi. Ya yi ta lissafin abin da ba ya lissaftuwa: da ya cire abin kunnen sau ɗaya, da ya tsallaka, da ya tare taksi. Wataƙila da bai hana komai ba. Amma da tsohon ya ga fuskar mutum.

Sannan ya tuna da Tabawa, da maganar da take rayuwa a kanta.

Ya yi duk abin da ya iya. Ya rage ƙasan sauti don bugun ya nutse, sai bas da ganga suka tafi tare da shi, waƙar ta koma kamar ana jan kwano a kan siminti, kuma ko a hakan bugun na nan, ya dai zama ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ɗaga gita ya rufe shi, sai ya ɓullo a duk inda gita ta numfasa. Ya yi tunanin sake ɗaukar waƙar daga farko, ya ɗauko bidon ma, hannunsa ya ƙi. Ya yi tunanin ce mata bandin ya lalace. To amma ta ce abin da kunnen mijinta ya ji take so, kuma ya riga ya ce Lahadi.

Da azahar ta wuce ya samu dabarar da ta kwantar masa da hankali. Muryar ce matsala, ita kuwa a wutsiya take, ita kaɗai. Ya ja bandin da hannu a hankali har ya samu daidai inda tsirkiya ta fara sauka, ya sa alama da alli, ya ɗauko reza ya yanke. Abin da ya fita bai fi kamu uku ba. Ya naɗe shi a yatsa ya tura cikin kwalin ashana. Bugun kuwa, ya gaya wa kansa, ganga ce. Shi da yake da kunnen aikin ma ya ɗauke shi ganga, balle tsohuwar da ba ta san bas daga gita ba. Ya mayar da ƙasan sautin yadda yake, ya daidaita alluran awon sauti kada su taɓa ja, ya sauke a sabon kaset. Har ya rubuta sunan waƙar a jiki da kyakkyawan rubutunsa na biro.

Bayan la'asar ya ɗauki ƙaramar rakodarsa mai pil, wato batir, ya yi sallama. Ladi ta shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofa daga ciki. Tabawa na zaune a tabarma, ta lulluɓe da farin zane, ta jingina da bangon da ya raba ɗakinta da nasa. Idrisa bai taɓa lura da wannan fuskar ta bangon ba. Kusa da ƙasa, daidai inda hannun mai kwanciya zai kai, yaɓen ya lotsa ya yi santsi, faɗin tafin hannu. A gefe akwai wani guntun icce mai kauri, irin wanda direbobi ke sa wa taya.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. Mun sa ka aiki."

"Ba komai, Inna. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Sa muna mu ji."

Ya danna. Bido ya fara, bas ya bi, gita ta shigo da haushinta. Ladi ta ɗan yamutsa fuska ta gyara ɗaurin kallabi. Tabawa ta yi murmushi, karo na farko tun ranar.

"Ita ce. Kamiyon nasa ke nan."

Sai bugun ya shigo.

Murmushin bai ɓace nan take ba, ya dai tsaya a fuskarta ba mai shi. Ta karkata kai. Dum, dum, dum. Ta ɗago daga bangon, ta dafa tabarma kamar mai shirin miƙewa, sannan ta dubi rakodar.

"Wanga mi ne ne?"

"Ganga ce, Inna."

"A'a."

"Ganga ce, ni na..."

"Idrisa, shekara tara ina jin wanga bugu." Ba ta ɗaga murya ba. "In fuka ta kama shi ba ya iya kira. Sai ya ɗauki iccen can ya buga ukku. Ko ina madafa, ko ina bayan gida, in na ji ukku sai in aje abin da ke hannuna."

Idrisa ya sha jin wannan bugun ta bangon, jefi-jefi, sau ɗaya ya wuce. Ya ɗauka kanwa ake fasawa. Bai taɓa jin an maimaita ba, domin ba a taɓa barin sa ya maimaita ba.

"Kashe abin nan," in ji Ladi. "Kashe shi, don Allah."

"Bar shi," in ji Tabawa.

Suka zauna su uku, waƙar na ta yabon Balkisa. Muryar Idrisa na tashi tana sauka, gita na kuka, a ƙarƙashinsu tsohon na bugawa. Tun ana jin uku a jere da ƙarfi, har tazarar ta fara buɗewa, na ukun na zuwa a makare. Leɓunan Tabawa na motsi. Idrisa ya ɗauka addu'a take, sai daga baya ya gane ƙirgawa take yi. Bai taɓa sanin minti shida na da tsawo haka ba.

Tsirkiyar ƙarshe ta tashi, kafin ta sauka sai ɗif. Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa ba komai a kansa.

"Don mi ta katse haka?" in ji Tabawa. "Da ba haka take ƙarewa ba. Takan yi ta ja har ta mutu."

Ashe ita ma tana ji. Ya buɗe baki da niyyar ya ce kuran ne, wato lantarki, ya ɗauke, ƙaryar na nan a shirye, mai sauƙi, kowa a Niamey zai yarda da ita. Ya dubi lotsawar bangon.

"Na yanke, Inna."

"Mi ka yanke?"

"Sunana." Ya sunkuyar da kai. "Ya kira sunana sau uku. Abin kunne na kaina, ban ji ba. Wallahi ban ji ba, Inna. Sai yau."

Ladi ta rufe baki da gefen zane. A tsakar gida kaza na tonon inda dawar ta zube tun kwana takwas, ko da yake an share wurin tuni. Tabawa ta dubi hannuwanta.

"To sai da ya gaji da kirana ke nan," ta ce.

"Inna, ki yafe mini."

"Kai aikinka kake. Ni aka saba buga wa." Ta share fuska da tafin hannu, sau ɗaya, ta gyara lulluɓinta. "Maido ta daga farko."

"Yaya, don girman Allah," in ji Ladi.

"Maido ta, ɗana."

Ya mayar da kaset ɗin ya danna. Tabawa ta matsa ta zauna daidai inda tabarmar mijinta take a da, ta ja rakodar kusa da gwiwarta. Bido ya fara, bas ya bi, gita ta shigo. Ta sunkuyar da kai tana jira.

Dum, dum, dum.

"Na'am, Malam," ta ce a hankali. "Ga ni."

Bugun ya sake zuwa, ta sake amsawa. Idrisa ya tashi ya fita tsakar gida ya tsaya, bai san inda zai nufa ba. Rana ta yi sanyi, ana jan ruwa a famfon bakin titi. Ta labulen ƙofar yana jin gitarsa ƙasa-ƙasa, da muryar tsohuwar a tsakani, tana amsa kowane uku.